Gaban Rumfar Mai Talla Ake Sharewa

A watan Fabrairun 2017 jaridar The Times ta Landan ta wallafa wani bincike da ya nuna tallace-tallacen manyan kamfanoni suna fitowa a kan bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi da masu hura wutar ƙiyayya a YouTube. Ba ranar aka ɗora bidiyoyin ba. Sun daɗe a wurin ana kallonsu, ana yaɗa su, wasu masu su ma suna samun rabonsu daga kuɗin tallan. Sabon abu ɗaya ne: masu talla sun ga sunayen kayansu a gefen ƙazanta. Kafin watan Maris ya ƙare gwamnatin Birtaniya ta janye tallanta, jaridar Guardian ta janye nata, a Amurka kuma AT&T da Verizon da Johnson & Johnson suka bi sahu. Nan da nan Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, ya fito ya ba da haƙuri, ya shiga sauya dokoki. A Janairun 2018 ya gindaya sharaɗin da duk matashin da ke da tashar YouTube a Kano ko Maraɗi ya haddace yau: ba za ka fara karɓar kuɗin talla ba sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda.

Na fara da wannan labarin ne domin a cikinsa aka ga abin da kamfanonin sada zumunta ba su so a faɗa a fili. Suna da dogayen dokoki da suke cewa sun rubuta ne don kare al'umma. Amma idan mutum ya bi diddigin lokutan da suka zabura suka gyara wani abu, da lokutan da suka yi kunnen uwar shegu, zai ga ba kukan wanda aka cutar ne ke tashinsu daga barci ba. Abin da ya fi tashinsu shi ne tsoron kada mai talla ya ɗauke kuɗinsa, sai kuma tsoron hukuma mai iya cin su tara. Inda babu ɗayan biyun, mai gadi yana barci. Mu masu magana da Hausa a irin wannan wurin muke zaune.

A fara da lissafi. A shekarar 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kusan dala biliyan 135, kuma kusan kashi 98 cikin ɗari daga talla suka fito. A wannan shekarar YouTube ya samu dala biliyan 31.5 daga talla. Twitter, kafin a sayar da shi, kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗinsa daga masu talla yake samu. Kai da ke riƙe da waya ka sayi data daga kamfanin layinka, amma ko kwabo ba ka biya Facebook ba. Abin da kake ba shi lokacinka ne da idonka, shi kuma ya tattara su ya sayar wa mai sabulu da mai banki da ɗan takara. Duk wanda ya taɓa sauraron shirye-shiryen siyasa da ake saye a gidajen rediyon Arewa ya san yadda abin yake: gidan rediyo yana sane da wanda ya biya kuɗin fili, kuma yana auna abin da zai ɓata masa rai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai lamarin kafofin sada zumunta ya fi na rediyo sarƙaƙiya, domin talla tana jan su ne ta fuska biyu da ke karo da juna. Ta fuska ɗaya suna so ka daɗe kana shafa waya, don duk daƙiƙar da ka ƙara talla ce aka ƙara nuna maka. Abin da ke riƙe mutum kuwa sananne ne: fushi, tsoro, gulma, tsiraici, faɗan addini da na ƙabila. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 lissafin da ke zaɓar abin da za a nuna wa mutum yana ba alamomin nuna yanayi, har da ta fuskar fushi, nauyin da ya ninka na danna "so" sau biyar. Sai da aka yi shekaru kafin kamfanin ya sauke nauyin alamar fushin, bayan ma'aikatansa sun nuna cewa rubuce-rubucen da ke tara ta sun fi ƙunsar ƙarya da cin zarafi. Ta ɗaya fuskar kuma, mai lemon kwalba ba ya son tallansa ya fito kusa da hoton gawa. To yaya za a yi a riƙe wutar da ke tara jama'a, kuma kada ta ƙone rigar mai talla?

Amsar da kamfanonin suka samo ita ce raba abu biyu da mai karatu zai ɗauka ɗaya ne: cire abu daga dandali, da cire talla daga kan abu. Na biyun ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma ba ya rage yawan jama'a. Bidiyon yana nan yana yawo, yana jawo mutane su shigo, tallan ne kawai aka matsar zuwa bidiyo na gaba. Kamar sarkin kasuwa ne da ya sa a share gaban rumfunan manyan 'yan kasuwa kullum da safe, a tura sharar bayan layi inda masu talla a faranti ke zama. Kasuwa ta yi tsabta a idon mai rumfa, bola kuwa tana nan inda talaka ke numfashi.

Wannan tsari yana da wata illa da ba a cika magana a kanta ba. Na'ura ba ta bambance mai yabon kisa da mai ba da labarin kisa. Masu talla suna ba da jerin kalmomin da ba su so kayansu su kusanta, irin su yaƙi, harbi, mutuwa, hari. Sakamakon haka ɗan jaridar da ya je Zamfara ya ɗauko labarin ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa yana iya ganin alamar dala mai ruwan ɗorawa a kan bidiyonsa, wato an rage masa talla ko an hana shi, alhali mai wasan barkwanci da mai gwada kayan kwalliya suna samun tasu cikakkiya. Babu wanda ya hana shi magana, amma an nuna masa cewa wannan maganar ba ta kawo abinci, kuma gobe zai yi tunani kafin ya koma. A 2017 ɗin nan, da YouTube ya saki na'urorinsa su farauci bidiyoyin ta'addanci saboda matsin gwamnatoci da na masu talla, dubban bidiyoyin da 'yan Siriya suka ɗauka na hare-haren da aka kai musu sun ɓace tare da na 'yan ta'addan. Masu tattara shaidar laifukan yaƙi sun sha fama kafin a maido da wasu.

Wani zai ce, to ai wannan ya nuna masu talla suna da amfani, tunda su ne ke iya murɗe wa waɗannan ƙattai kunne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ban raina ta ba. A Fabrairun 2019, da aka gano yadda masu lalata da yara ke taruwa a sashen tsokaci na bidiyoyin ƙananan yara, Disney da Nestlé sun dakatar da tallansu, cikin 'yan kwanaki YouTube ya rufe tsokaci a kan mafi yawan irin waɗannan bidiyoyi. Gyara ne na ƙwarai, kuma da ba a taɓa aljihu ba da wuya ya zo da wannan saurin. Haka kuma bayan ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, lokacin da wani ɗan ta'adda ya kashe Musulmi 51 a masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand yana nuna kisan kai tsaye a Facebook, manyan masu talla na duniya sun kafa wata haɗaka mai suna GARM don su fitar da ma'auni ɗaya na abin da ba za a sa talla a kansa ba.

Amma a duba iyakar wannan ƙarfi. A Yunin 2020, bayan ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd, ƙungiyoyin kare haƙƙi a Amurka sun yi kira a ƙaurace wa talla a Facebook tsawon watan Yuli. Kamfanoni fiye da 1,000 suka amsa, cikinsu har da Unilever da Coca-Cola. Da aka fitar da lissafin watanni ukun da ƙauracewar ta faɗa ciki, kuɗin shigar Facebook ya ƙaru ne da kashi 22 cikin ɗari a kan na daidai lokacin a shekarar da ta gabace ta. Dalili kuwa shi ne ba manyan kamfanoni ke riƙe da Facebook ba. Miliyoyin ƙananan masu talla ne, irin mai sayar da atamfa da mai gidan abinci da mai koyar da sana'a, waɗanda ba su da wata hanya mai arha ta kai wa ga masu saye, ba su kuma da ƙungiyar da za ta haɗa bakinsu. Facebook ya yi 'yan gyare-gyare, ya jira, manyan suka dawo.

Labarin Twitter ya nuna wata fuskar. Elon Musk ya saye shi a Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya sallami kusan rabin ma'aikata cikin mako guda, ya maido da asusun mutane da yawa da aka kora a baya. Kamfanoni irin su General Motors da Pfizer suka dakatar da talla. A Yulin 2023 shi da kansa ya ce kuɗin talla ya ragu da kusan rabi. A Nuwamban shekarar, bayan wani rahoto ya nuna tallan manyan kamfanoni a gefen rubutun masu yabon 'yan Nazi, IBM da Apple da Disney suka janye, shi kuma ya hau dandamali a birnin New York ya zage su a bainar jama'a. A Agustan 2024 kamfanin, wanda a lokacin ya koma X, ya maka GARM da wasu kamfanonin da ke cikinta a kotu yana zarginsu da haɗa baki don karya shi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe GARM. Darasin da sauran masu talla suka ɗauka a bayyane yake. A Janairun 2025, ana saura kwanaki kaɗan a rantsar da Donald Trump, shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ya sanar da daina aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka tare da sassauta wasu dokokin kalaman ƙiyayya, kuma ba a ga ƙauracewa irin ta 2020 ba. Mai talla ba malamin unguwa ba ne. Yana janyewa ne idan abin kunya zai taɓa cinikinsa, kuma yana yin shiru idan janyewar ce za ta jawo masa fitina.

Yanzu mu zo gida, domin duk wannan dambarwa a Amurka da Turai ake yin ta, kuma akwai dalili. A watanni ukun ƙarshe na 2023 Facebook ya samu kimanin dala 68 daga kowane mai amfani da shi a Amurka da Kanada, dala 23 a Turai, sai dala 4.5 a rukunin da ya kira sauran duniya, inda Afirka take. Wato a littafin kamfanin mutum ɗaya a Chicago ya kai mutum goma sha biyar na wannan rukunin. Inda baki ya karkata, nan yawu ke zuba. Takardun Haugen sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance labaran ƙarya Amurka aka ba, duk sauran duniya ta raba kashi 13, alhali masu amfani da shi a Arewacin Amurka ba su wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba.

Wannan rabon rayuka ya ci. A Myanmar, inda ga mutane da yawa Facebook shi ne intanet ɗin gaba ɗaya, an shafe shekaru ana kiran Musulmin Rohingya da sunayen dabbobi ana kira a kawar da su. Binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gano cewa a farkon 2015 mutum biyu ne kacal masu jin harshen ƙasar ke duba abin da ake kai ƙara a kansa. A 2017 sojoji suka afka wa Rohingya, fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ambaci rawar da Facebook ya taka, kuma a ƙarshen 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Babu wani babban kamfani da ya ga tallansa a gefen waɗancan rubuce-rubucen har ya firgita, domin masu yanke shawara a Landan da New York ba su karanta harshen. A Habasha, an harbe Farfesa Meareg Amare a ƙofar gidansa a Bahir Dar a Nuwamban 2021, bayan an yaɗa sunansa da hotonsa da inda yake zaune a Facebook lokacin yaƙin Tigray. Ɗansa ya ce ya kai ƙara ba a cire rubutun ba sai bayan kisan, kuma a 2022 ya shigar da Meta ƙara a wata kotu a Kenya.

Mu ma mun ɗanɗana. A Yunin 2018, lokacin rikicin Jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne a rikicin, alhali wasunsu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba. 'Yan sandan jihar sun shaida wa BBC cewa hotunan sun taimaka wajen tunzura masu ɗaukar fansa da suka tare hanya suka kashe matafiya. Binciken na BBC ya gano cewa a lokacin mutum huɗu ne ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci don Facebook a Najeriya, ƙasar da ke da masu amfani da shi miliyan 24, kuma babu ɗaya cikinsu da ke jin Hausa. Daga baya an ɗauki masu jin harsunan Afirka, har da Hausa, amma ta hannun ɗan kwangila a Nairobi. Mujallar Time ta ruwaito a 2022 cewa wasunsu dala ɗaya da rabi ake biyansu a awa, su wuni suna kallon yanka da fyaɗe da ƙunar baƙin wake. A 2023 aka sallame su, fiye da 180 daga cikinsu suka garzaya kotu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma tace Hausa ba aikin na'ura ba ne kawai. Wanda bai tashi cikin harshen ba, ba zai gane habaici ba, ba zai san lokacin da kalmar "arne" ko "ɗan ta'adda" ko sunan wata ƙabila ta tashi daga zagi ta koma alamar a far wa mutum ba. Ba zai san cewa a wasu garuruwanmu jumla ɗaya da ke zargin mutum da ɓatanci, tare da hotonsa da sunan unguwarsu, ta isa ta sa a kashe shi kafin la'asar ba. Irin wannan rubutu minti talatin ya ishe shi, kuma amsar da ta zo bayan kwana uku ba ta da amfani ga kowa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta fi gaggawa yanzu shi ne, kuɗin talla ya fara shigowa hannun masu wallafa a nan gida. A 2024 Meta ya buɗe wa masu ɗora bidiyo a Najeriya da Ghana damar samun rabo daga talla. Ina murna da duk matashin da ya samu halaliyarsa ta nan, kuma akwai masu koyar da girki da ɗinki da karatu da noma da suka cancanci kowace dala. Amma tsarin yawan kallo yake biya, ba ya tambayar me ya jawo kallon. Wanda ya yanko rabin maganar malami don ya haɗa shi faɗa da wani malamin, da wanda ya ƙirƙiri mutuwar jarumin Kannywood, da wanda ya ɗora tsohon bidiyon wata ƙasa ya ce jiya ne a Kaduna, yanzu ba suna kawai suke nema ba, sana'a suke yi. Ladan hura wuta ya iso cikin Hausa, masu kashe ta kuwa ba a ƙaro su daidai da haka ba.

Akwai kuma tallan kansa, wanda shi ne ya fi kowane rubutu samun sassauci, domin shi ne mai biya. A Nuwamban 2025 Reuters ta ruwaito wasu takardun cikin gida na Meta da suka ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin na 2024 zai fito ne daga tallan damfara da na haramtattun kaya, kuma ba a korar mai talla sai na'ura ta tabbatar da kashi 95 cikin ɗari cewa ɗan damfara ne. Idan zargin bai kai haka ba, sai a ƙara masa kuɗin talla. Meta ya ce ƙiyasin ya yi faɗi kuma yana yaƙi da damfara. Amma duk wanda ya ga tallan "zuba dubu goma ka kwashi dubu ɗari", ko na maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, ya san cewa an karɓi kuɗi kafin a nuna masa shi.

Ban yarda mafita ita ce gwamnati ta riƙe almakashi ba. Mun ga abin da ya faru a Yunin 2021, da aka rufe Twitter a Najeriya har wata bakwai bayan an goge wani rubutun Shugaba Buhari, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka. Gwamnatin da aka ba ikon goge rubutu, na masu sukarta za ta fara gogewa. Amma tsakanin rufe dandali da naɗe hannu akwai fili mai faɗi. Dokar Tarayyar Turai ta harkokin intanet ta tanadi tarar da za ta iya kai kashi 6 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya, kuma ta tilasta wa manyan dandali su bayyana adadin masu tace bayanai da suke da su a kowane harshe na tarayyar. Saboda haka ɗan ƙasar Holan zai iya buɗe rahoto ya ga mutum nawa ke duba harshensa. Hausa tana da masu magana da ita fiye da miliyan 50, ta fi yawancin harsunan Turai jama'a, ta kuma cancanci a ba ta irin wannan lissafi.

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta fitar da ƙa'idojin aiki ga waɗannan kamfanoni tun 2022, kuma tana karɓar rahoto daga gare su. Ina kira gare ta, da 'yan majalisarmu na Arewa, da takwarorinsu na Nijar, su sa tambayoyi uku cikin abin da dole a amsa a fili duk shekara: mutum nawa ne masu jin Hausa ke duba ƙararrakin da ake kaiwa, awa nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙarar da ta shafi barazana ga rai, kuma nawa aka samu daga tallan da aka nuna wa mutanenmu. Bankunanmu da kamfanonin layin waya da masana'antun da ke zuba miliyoyin naira a talla a waɗannan dandali su ma su yi wannan tambayar kafin su sa hannu a takardar biya, domin muryarsu ce aka fi saurin ji. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura wa wani bidiyon da ya tafasa maka zuciya, ka tsaya ka bincika inda ya fito, domin akwai wanda ake biya a kan kowane kallo da ka jawo masa.